Hannuwan Da Suka Tausa Kowa Ban Da Ni

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Lahadi da hantsi Allah ya karɓi ran mahaifiyata a ɗakinta nan Potiskum, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Mutanen unguwa Inna Mai Tausa suke ce mata, da wannan sunan aka yi ta sanar da rasuwar gida gida.

Na je zaman makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin nata ba. Mata suka cika tsakar gida har bakin rijiya, masu tabarma da masu zama a kan buhu. Kusan duk wadda ta shigo, in ta gama "ya haƙuri" ta samu wuri, sai ka ga hannunta ya tafi wuyanta ko ƙugunta tana murzawa, ita kanta ba ta san tana yi ba. Wata tsohuwa daga Nangere, wadda aka sauko da ita daga keke napep da ƙyar, ta miƙe ƙafa ta dubi ƙofar ɗakin Inna ta ce, "Shekara da shekaru ina kawo mata ƙugun nan. Yanzu in kai shi ina?" Ba wanda ya yi dariya, don ba wasa take yi ba.

A zaure kuwa Kawu ne, ƙanen Inna, dattijon da ya ba saba'in baya. An kai masa fura ya ture, an kai shayi ya bar shi ya huce. Duk wanda ya ba shi haƙuri sai ya ce, "Ai ba haka muka yi da ita ba. Cewa ta yi sai ta ga bayana." Maza suka yi ta kallon ƙasa.

Ƙanwata, wadda muke kira Auta, ita mata suka yi ta rungumewa suna kuka. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, Auta ce kuma ta zauna da ita bayan aurenta ya mutu. Ni ina gefe ina karɓar gaisuwa kamar wata 'yar uwa ta nesa. Can wata mata da na sha gani a gidan ta matso kusa da ni, ta rage murya ta ce, "Baiwar Allah, ke kuma yaya kuke da marigayiyar?"

Na ce, "Ni ce 'yarta ta fari."

Ta kama baki. "Wallahi na ɗauka Auta kaɗai ta haifa. Ban taɓa jin ta ambace ki ba."

Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa. Tambayarta ce ma ta sa na ɗauki biro. Ina so a san wace ce Inna kafin matan da suka san hannunta su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ina kuma so in sauke wani abu da ya tokare ni tun ranar Juma'ar da ta zo kafin rasuwarta.

A danginmu kunyar ɗan fari ba ƙaramin abu ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni gidan kakata, can na tashi tare da Kawu. Da na ji yana ce wa yayarsa Adda, ni ma sai na ɗauka, har na yi furfura Adda nake ce mata. A cikin wannan rubutun ne na fara ce mata Inna. Ita kuwa "waccan" take ce mini, da na fara koyarwa a firamare aka ƙara mini girma na koma "malamar makaranta". In tana son gaya mini magana, bango take fuskanta, ko Auta, ko akuyar da ke ɗaure a turke. Akuyoyin gidanmu sun sha nasiha a madadina, Allah ya saka musu.

Yara na yanzu za su ce wannan ai ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, ni na sani. Amma sanin bai hana ni jin zafi ba, musamman da yake sana'ar uwata taɓa mutane ce.

Ɗakinta ba shi da wani kaya. Tabarma ce, da tsohon bargo da take ninkawa a kai, da gwangwanin man kaɗe, da 'yar rediyo a kan taga. Mace za ta shigo ta kwanta rub da ciki, Inna ta ɗebi mai ta murza a tafin hannu har ya narke, ta fara shafawa a hankali tana jan ta da hira. Wadda ba ta san ta ba sai ta ɗauka shi ke nan, har ta fara lumshe ido. Inna kuwa nema take yi. Babban yatsanta na bin gefen gadon baya, da ƙeya, da ƙarƙashin allon kafaɗa, har ya ci karo da wurin da nama ya ƙulle ya yi tauri. Daga nan hira ta ƙare. Ta kafa yatsa, in bai isa ba ta sa gindin tafin hannu, in ya ƙi ta sa gwiwar hannu ta saki nauyinta a kai ta tsaya cak.

Ihun matan har zaure. "Wayyo Inna, kin kashe ni!" Ita kuwa ko a jikinta, sai dai ta ce, "Saki numfashi. Saki, na ce. Ke kika tara shi, ba ni ba." Ta jira, ta jira, har ta ji wurin ya yi laushi a ƙarƙashin hannunta, sannan ta matsa gaba. In an gama sai ta ba mutum ruwan ɗumi a kofi, ta ce kada a yi daka ko wanki ranar, ta kuma yi gargaɗi cewa gobe jiki zai yi tsami, jibi ne za a gode mata.

Ba ta yarda da "lafiya lau" ba. In ta tambayi mace yaya gida ta ce lafiya lau, sai ta danna mata wuya ta ce, "Bakinki ya ce lafiya, nan kuma ya ce ƙarya kike yi." A wurinta duk abin da mutum ya haɗiye bai faɗa ba, wuri yake nema a jiki ya zauna. Ta ce ta san kafaɗar mai jiran ɗa da ya yi tafiya, ta san ƙugun mai ɗaukar ruwa, ta san ƙeyar wadda miji ba ya yi wa magana. Amma ko sau ɗaya ban ji ta fitar da sirrin wata ba.

Ta kuma san iyakarta. Na taɓa ganin an kawo mata wata da ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, 'yan uwanta na roƙon a matsa mata. Inna ta ɗora bayan hannu a wurin ta janye, ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Ku kai ta asibiti yanzu, ba gobe ba." Suka fita suna gunaguni, ita kuwa ta rufe gwangwaninta.

Maza ba ta taɓa su, sai dai ta koya wa matansu. Kawu ne kaɗai ya samu wannan gatan. Shi aikinsa a Kasuwar Shanu yake, jan igiya da tura shanu cikin tirela, tun yana saurayi. Duk Laraba bayan la'asar sai ya shigo a duƙe, yana warin kashin shanu, ya zube a gindin dalbejiya. Inna ta wanke ƙafa, ta ɗauko taɓarya ta dogara da ita, ta hau bayansa tana takawa da dunduniya.

"Adda, a hankali, maraya ne fa!"

"Bijimi bai kashe ka ba, ni ce zan kashe ka? Kwanta, ragon banza."

Haka suka yi shekaru. Sa'o'insa na kasuwa da yawa yau a kan kujera suke salla, wasu sanda ta zame musu dole. Kawu kuwa har gobe goshinsa na kaiwa ƙasa, kuma da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Ranar Alhamis kuma ta tsofaffin mata ce, su zo su jeru a inuwa suna cin goro suna jiran layi. Takan ce musu, "Tsufa kam ba ni da maganinsa. Amma in kin bar jikin nan ya sandare har kin kasa ɗaura zani, ke kika so." Tana lanƙwasa musu yatsu, tana murza musu tafin ƙafa, tana sa su ɗaga hannu sama su sauke. Da yawansu ba tausar kaɗai ke kawo su ba. A gidajensu an daɗe da daina taɓa su.

Shekarun da garin nan ya shiga tashin hankali, lokacin da in tayar mota ta fashe kowa sai ya kwanta a ƙasa, su ne shekarun da Inna ta fi aiki. Mata suka riƙa zuwa da ciwon kai da ba ya jin magani, da ƙirji mai nauyi, da rashin barci. Wasu mazansu sun fita ba su dawo ba, wasu 'ya'yansu. Ba ta taɓa hana kowa shan maganin asibiti ba, masu hawan jini ma faɗa take yi musu in sun bar ƙwayarsu. Ita dai ta ce a kwanta. Abin da ta gano shi ne, irin waɗannan matan in hannu ya kai wurin da ya ƙulle, ba ihu suke yi ba, kuka ne ke ɓalle musu. Da ta ji jikin mace ya fara rawa sai ta miƙa hannu ɗaya ta ƙure muryar rediyo, ɗaya hannun yana nan inda yake. Masu jira a waje labarai kawai suke ji. Akwai wadda ta yi kuka har barci ya kwashe ta a kan tabarmar. Inna ta lulluɓe ta, ta sallami sauran, ta zuba tuwo a kwano ta aika wa 'ya'yan matar.

Duk wannan ina gani, ina alfahari da ita, ina kuma kishi. Ba na jin kunyar faɗa yanzu. Ina kallon hannun uwata a bayan matar da ko sunanta ba ta sani ba, ni kuwa ko ƙurar da ke kafaɗata ba ta taɓa kaɗe mini ba.

Sau ɗaya na yi mata rashin kunya. Na haura talatin a lokacin, malamarmu ta Islamiyya ta yi mana karatu a kan tausaya wa 'ya'ya, ta ce kunyar ɗan fari al'ada ce kawai, ba addini ba. Na fito da zafina ban tsaya ko'ina ba sai gidan. Na same ta a madafa tana tuƙa tuwo. Na tsaya a kanta na ce, "Adda, duk matan garin nan kin san bayansu. Ni me na yi miki? Ba ke kika haife ni ba?"

Muciyar ta tsaya a hannunta. Na ga kunnenta ya motsa, amma ba ta ɗago ba. Can ta ci gaba da tuƙi, ta ce wa tukunya, "Boko dai in ya yi yawa har ido yake tsayarwa. A gaya wa mai magana tuwo ya kusa, ta zauna ta ci."

Ban zauna ba. Na yi wata biyar ban taka gidan ba. Abin da ya mayar da ni, Auta ce ta zo da ɗan man kaɗe a ƙunshe cikin leda, tana dariya, ta ce wai Inna ta ce a shafa wa ƙafar da ta manta hanya. Na koma, muka ci gaba kamar ba a yi ba. Abin dariyar, ni mai wa'azin nan, ɗana na fari har yau ba na iya furta sunansa a gaban mutane.

Shekara tara da suka wuce maigidana ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Cikin takaba wuyana ya ƙage. In zan yi sallama a salla sai na juya da jikina duka, barci kuwa sai dai in kwanta in tashi. Ban gaya wa kowa ba. Wata ranar da hantsi na ji sallama, sai ga Iya ta ɗaga labule. Iya maƙwabciyar Inna ce, katanga ɗaya ta raba su, ita ke wankan gawar mata a unguwar, ta kuma ɗan koyi tausa a wurin Inna. Gwangwanin da na sani ne a hannunta. Ta ce in kwanta. Ta ƙarƙashin labulen na hango ƙafafun Inna, ta zauna a kan turmi a bakin ƙofa, ta ba ɗakin baya.

Iya ta fara murza mini wuya. Sai na ji muryar Inna daga waje.

"Iya, ba wuyan ba ne. Sauka ƙarƙashin allon kafaɗar hagu."

Iya ta sauka.

"Ƙara ƙasa, kamar yatsa biyu. Matsa wajen gadon baya."

Da Iya ta danna, wani zafi ya taso mini har cikin ido, na yi ƙara.

"Nan ne," in ji Inna. "Sa gwiwar hannu, kada ki ji tausayi. Tun ranar da aka kai ta gidan kaka take ɗage kafaɗar nan."

Ban san lokacin da kukan ya zo ba. Ba na maigidana kaɗai ba ne. Matar da ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, ashe shekara arba'in da wani abu tana kallon bayana in na juya zan tafi, har ta san wurin da ni mai jikin ban sani ba. Ina cikin kukan na ji rediyo ta kama magana da ƙarfi a bakin ƙofa. Ashe ta zo da ita a cikin mayafi.

Na yi barci har azahar ta kusa wucewa. Da na farka sun tafi. Na yi alwala na yi salla, na juya kaina dama, na juya hagu, ba abin da ya riƙe ni. Na so in je in durƙusa a gabanta in yi godiya. Da takaba ta ƙare na je gidan, na tsaya a tsakar gida tana zaune tana jina, na ce wa Auta, "Ki gaya wa Adda na gode." Ita kuma ta ce wa Auta, "Ki ce ba komai."

Shekara biyun ƙarshe yatsunta suka karkace, ta daina aiki. Tafiya ta koma dafa bango. Matar da ta miƙar da tsofaffin unguwa ita ce ta duƙe a gabanmu, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ta. In Auta ta ce bari ta matsa mata, sai ta ce, "Hannunki kamar na mai shafa kwalli, bar ni kawai." Iya ma korarta take yi. Wata rana na shigo ba su ji sallamata ba, na ji tana ce wa Kawu, "Waccan ce ta ɗauko hannuna. Ka dubi babban yatsanta in tana riƙe da alli." Na koma zaure na daɗe a tsaye, sannan na sake yin sallama da ƙarfi. Na yi kwanaki ina kallon yatsana, amma ban yi komai a kai ba.

Duk Juma'a in an tashi daga makaranta nakan biya in gaishe ta. Juma'ar ƙarshe kafin rasuwarta na tarar da gidan shiru, maza duk sun tafi masallaci, ba Auta, ba kowa. Na shiga ɗakin na ga abin da na kwana biyu ban gani ba. An shimfiɗa tabarma, an ninka bargon a kai, gwangwanin man kaɗe a buɗe, rediyo a ƙasa kusa da matashi. Inna na zaune a bakin gado da zani ɗaurin ƙirji, kafaɗunta a waje, duk sun rame. Na gaishe ta, ta amsa wa taga.

Can ta dubi bango ta ce, "Bayan nan dai ya hana ni sakat. Ga tabarma, ga mai a buɗe, hannu kawai aka rasa."

Wallahi na ji maganar, kuma wani sashe na zuciyata ya gane ta. Hannuna har ya tashi daga cinyata. Amma shekara hamsin da huɗu ban taɓa jikin matar nan ba, ban san ta inda ake farawa ba. Kunya ta rufe ni kamar an kama ni ina sata. Na ji bakina yana cewa, "Ina Auta?"

Ta ce wa bango, "Ta tafi Nangere."

"To bari in kira Iya."

Na fita da sauri, har ina jin daɗin na samu abin yi. Na tarar da Iya tana tsince shinkafa. Da na gaya mata, ta ajiye faranti ta dube ni ta ce, "Ita ce ta ce ki kira ni?" Na ce bayanta ke ciwo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ja mayafi ta biyo ni tana jan ƙafa.

Muka tarar an naɗe tabarma an jingine ta a bango. An rufe gwangwani, rediyo ta koma kan taga. Inna ta sa riga ta kwanta ta fuskanci bango. Yadda ta yi wannan aikin duka da waɗannan yatsun a cikin 'yan mintoci, Allah kaɗai ya sani. Iya ta ce, "Inna, ga ni." Ta ce, "Ya lafa. Ku je abinku." Na yi mata sallama na tafi gida, a raina ina cewa Juma'a mai zuwa zan gwada.

Ranar Lahadi ina shanya aka bugo mini waya.

Abin da ban gaya wa masu zaman makoki ba shi ne abin da ya faru kafin a fito da ita. Iya ta shiga ɗakin da ruwa da sabulu da likkafani, wasu dattawan mata biyu za su bi ta. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce musu su dakata, ta yafito ni. Mata suka fara kallon juna, don a wurinmu 'yar fari ba ta shiga irin wannan wuri. Iya ba ta kula su ba, ta ja ni ciki ta saki labule.

Ta ce, "Zan gaya miki magana, ki yi haƙuri da ita, ba zan iya tafiya da ita kabari ba. Tun Litinin take shirin Juma'ar nan. Ita ta tura Auta Nangere, ba wani aike, ta ce ta kwana biyu. Ni kuma ta ce kada in leƙo ranar, tana da baƙuwa. Man ma sabo ta sa na sayo mata."

Na ce, "Iya, me ya sa ba ki gaya mini ba a lokacin?"

Ta ce, "Na tambaye ki ko ita ta ce ki kira ni. Iyakar abin da zan iya ke nan, ta sa na yi mata alkawari." Ta share ido da bakin zani. "Zo ki kama mini ita."

Muka juya ta a hankali ta gefe. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Iya na zuba ruwa, ni ina bin bayanta da hannu, karo na farko tun da aka yaye ni. Fatar ta yi laushi, da sauran ɗumi a jikinta. Hannuna na sauka daga kafaɗar hagu, ƙarƙashin allon, kamar yatsa biyu wajen gadon baya, sai ya tsaya. Yana nan, ƙulli mai tauri kamar ƙwallon goriba, daidai wurin da nawa yake. Ban san tun yaushe take ɗauke da shi ba, amma ina da zato.

Babban yatsana ya kafu a wurin da kansa. Na gyara tsayuwa zan saki nauyina, yadda na ga tana yi wa matan garin nan shekara da shekaru. Iya ta riƙe mini wuyan hannu.

"A'a, 'yata. Mamaci ba a danna shi. A hankali ake bi da shi."

Na buɗe tafin hannuna na ɗora a wurin kawai. Iya ba ta hanzarta ni ba, ta tsaya da buta a hannu, har aka ɗaga murya daga zaure cewa malamai na jira.

Gwangwanin yana wurina yanzu. Man cike yake, ba a taɓa shi ba sai wuri ɗaya a tsakiya, inda ta sa yatsa ta gwada laushinsa. Matan unguwa sun fara aiko mini wai ko zan riƙe sana'ar, tunda an ce na gaji hannun. Ban ba su amsa ba tukuna.

Duk wadda hannun Inna ya taɓa sauke mata nauyi, ina roƙonta ta sa ta cikin addu'a. Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata kabarinta, ya sa ta huta. Ya Allah, ta nemi hannu sau ɗaya a rayuwarta, na fita na kira maƙwabciya. Ka sauke mata abin da na bar ta da shi.